Bayan An Karɓi Kwali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aiki da Makomar Masu Digiri

Waɗannan tambayoyi su ne ke yawan dawowa a bakin waɗanda suka gama jami'a, da 'yan ajin ƙarshe, wani lokaci har da iyayensu. Na fara da waɗanda aka fi yi, na gangara zuwa masu zurfi. Ba sai an karanta a jere ba. Inda wata amsa ta rataya da wata, na nuna.

Shin digiri na da amfani har yanzu, alhali ga masu shi nan da yawa suna zaman kashe wando?

Yana da shi. Masana tattalin arziki da ke aiki da Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarce na shekaru masu yawa daga ƙasashe daban-daban, kuma a 2018 suka bayyana cewa kowace shekarar karatu da mutum ya ƙara tana ɗaga abin da yake samu da kusan kashi 9 cikin 100. Sai dai wannan lissafi ne na jimilla. A cikinsa akwai wanda digiri ya kai shi nesa, akwai wanda ya shekara biyar kwalinsa na cikin akwati. Idan kana cikin rukuni na biyu, alƙaluma ba za su share maka hawaye ba, kuma ba na son in yi kamar za su iya.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne digiri aiki biyu yake yi. Na farko, yana ba ka ilimi da iya tunani. Na biyu, shaida ce ga mai ɗaukar aiki cewa ka iya jure wa abu mai wuya na shekara huɗu ko fiye har ka kai ƙarshensa. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya yi bayanin wannan aiki na biyu a 1973, kuma yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Matsalar shaida ita ce ƙarfinta na raguwa idan kowa na da ita. Idan mutum ɗari biyar suka nemi gurbi guda, dukansu da digiri, kwalin ya shigar da kai layi ne kawai. Abin da zai fitar da kai daga layin shi ne wani aiki da ka taɓa yi wanda za a iya gani da ido, da kuma mutumin da ya gan ka kana yin sa. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suka tsaya.

Na fita da sakamako mai rauni. Shi ke nan an rufe mini ƙofa?

An rufe wasu ƙofofi, ba duka ba. Manyan kamfanoni da ke ɗaukar sababbin masu digiri rukuni-rukuni sukan sa iyakar sakamako don rage yawan takardu, haka ma yawancin masu ba da tallafin karatu. A can sakamakonka zai dame ka. Amma nauyinsa na raguwa da sauri. A 2013 shugaban sashen ma'aikata na Google na lokacin ya ce binciken da suka yi a cikin gida ya nuna makin jami'a ba ya hasashen ƙwazon ma'aikaci, in ban da wanda bai daɗe da gamawa ba. A 2015 reshen Birtaniya na EY, wani babban kamfanin akanta, ya daina amfani da darajar digiri a matsayin sharaɗin shiga.

Saboda haka ka nufi wuraren da ake gwada mutum kafin a ɗauke shi: ƙananan kamfanoni, ƙungiyoyi, aikin kwantiragi. Bayan shekara uku kana aiki, da wuya wani ya sake tambayar ka da me ka fita.

Sunan jami'ar da na yi yana da tasiri?

Yana da shi a aikin farko, kuma a wasu fannoni kamar lauya, harkar banki da koyarwa a jami'a tasirin kan daɗe. Amma akwai wani bincike da ya kamata duk mai wannan damuwa ya sani. Stacy Dale da Alan Krueger, a sakamakon da suka fitar a 2002, sun kwatanta ɗaliban Amurka da suka samu gurbi a jami'o'i masu daraja iri ɗaya, wasu suka je, wasu suka zaɓi jami'ar da ba ta kai su suna ba. Bayan shekaru, abin da ɓangarorin biyu ke samu ya zo kusan ɗaya. Ma'ana, ƙwazon da ya sa aka ba su gurbin shi ne ya bi su, ko'ina suka je. Waɗanda babbar jami'a ta fi yi wa amfani a fili su ne 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma ana ganin dalilin shi ne ta haɗa su da mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da su ba. Wannan ya kai mu ga maganar sanayya da ke ƙasa.

Dole ne in yi aiki a fannin da na karanta?

A'a, kuma yawancin mutane ba sa yi. Wani nazari na Babban Bankin Amurka reshen Niyok a 2013 ya gano cewa kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai na masu digiri a ƙasar ke aikin da ya yi daidai da kwas ɗin da suka karanta. Angela Merkel kimiyyar fiziks ta karanta, ta yi digirin digirgir a 1986, ta zauna a ɗakin bincike, sannan ta shiga siyasa ta jagoranci Jamus daga 2005 zuwa 2021.

Akwai fannonin da doka ta killace: likitanci, haɗa magunguna, lauya, aikin jinya, wasu rassan injiniyanci. Waɗannan ba a shiga sai da takamaiman digiri da lasisi. Sauran duniyar aiki a buɗe take. Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada ka bar fanninka don kawai ka gaji da shi a ajin ƙarshe. Kowa na gajiya a ajin ƙarshe. Ka tambayi kanka me karatun ya koya maka yi. Wanda ya karanta tarihi ya iya tace bayanai masu karo da juna ya rubuta rahoto. Wanda ya karanta lissafi ya iya kallon alƙaluma ya gane inda aka yi kuskure. Wannan iyawar ita za ka kai kasuwa, ko da sunan kwas ɗin bai fito a tallan aikin ba.

Kowa na cewa sai mai gogewar shekara biyu. Ni da na gama jiya, ina zan samo ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin rai, kuma mai yin ta yana da gaskiya. Amma ka lura da abin da mai ɗaukar aiki ke nufi idan ya ce gogewa. Tsoro yake ji kada ya ɗauki wanda sai an koya masa zuwa kan lokaci, amsa wasiƙa, gama aiki ranar da aka ce, da jin gyara ba tare da fushi ba. Duk abin da ya nuna ka taɓa ɗaukar nauyi ka sauke yana rage masa wannan tsoro, ko an biya ka albashi ko ba a biya ba.

Zaman sanin makamar aiki da ka yi lokacin karatu gogewa ce. Kundin kammala karatunka gogewa ce, idan ka iya faɗin matsalar da ka bincika da abin da ka gano cikin jimla uku. Riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai, koyar da yara, aikin sa-kai a asibiti ko wata ƙungiya, tsara lissafin wani ɗan kasuwa da bai taɓa rubuta shige da ficensa ba, duk suna shiga. Idan fanninka na kwamfuta ne, zane, rubutu ko nazarin alƙaluma, to ba ka ma buƙatar izinin kowa: ka ɗauki matsala ta gaske, ka warware ta, ka ajiye aikin inda za a iya buɗewa a gani. Gani ya kori ji.

Sannan kada rubutun "shekara biyu" ya hana ka nema. Sau da yawa buri ne mai tallan ya rubuta. Idan ka cika mafi yawan sharuɗɗan, tura takardarka, ka bar su su yanke hukunci.

Me zan rubuta a takardar CV?

Shafi ɗaya ya ishi sabon mai digiri, biyu idan da dalili. Ka rubuta abin da ka yi da abin da ya haifar. "Na koyar da ɗalibai 40 lissafi na wata shida" ya fi "mai himma da son aiki" nesa ba kusa ba, domin na farko ana iya bincika shi, na biyu kuwa kowa na faɗa. Ka sake gyara takardar ga kowane gurbi, ka yi amfani da kalmomin da ke cikin tallan, saboda manyan ma'aikatu da yawa na'ura ce ke fara tace takardu kafin mutum ya gani. Kada ka sa ƙarya ko ta kalma ɗaya. A wajen intabiyu za ta fito. Kuma ka nemi izinin duk wanda za ka sa a matsayin mai shaidarka, ka tuna masa ko kai wane ne. Malamin da ya duba kundinka ya fi wani babban mutum da bai san fuskarka ba.

Gaskiya ne ba a samun aiki sai da uwa a gindin murhu?

A nan akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai son kai, inda ake ba wanda bai cancanta ba don ɗan wane ne. Wannan zalunci ne, yana faruwa, kuma ba ni da wata dabara da zan ba ka a kansa. Akwai kuma sanayya ta halal, inda wani ya san gurbi ya buɗe, ya san ka iya aikin, ya haɗa ku. Wannan ta biyun ita ce hanyar da ayyuka masu ɗimbin yawa ke bi a ko'ina cikin duniya, kuma ɗan talaka ma na iya gina ta.

A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya fitar da wani bincike da ya yi a kusa da birnin Boston. Ya tambayi mutanen da suka samu aiki ta hannun wani, ya ga yawancinsu ba aminai ne suka ba su labarin ba, mutanen da suke gani jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, inda kake zuwa nan yake zuwa. Wanda kuka yi aji ɗaya kuka rabu, shi ke yawo a wata duniyar, shi zai ji abin da ba ka ji ba. A 2022 wani babban nazari kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata da masu neman aiki, ya ƙarfafa wannan magana.

To me za ka yi? Ka rubuta sunayen tsofaffin abokan karatu, malamai, waɗanda suka riga ka gamawa, da waɗanda ka yi sanin makamar aiki a ƙarƙashinsu. Ka gaishe su tun ba ka da buƙata, don ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za ka nemi taimako, kada ka ce "a taimaka mini da aiki", domin wannan nauyi ne da mutum bai san ta inda zai ɗauka ba. Ka ce ga abin da na iya, ga irin wurin da nake nema, ko akwai wanda ya kamata in yi magana da shi? Wannan roƙo ne da ake iya biya cikin minti biyar. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arka ma ka shiga, ko da taronsu bai burge ka ba.

Shekara biyu ke nan da gamawata ban samu komai ba. Laifina ne?

Sau da yawa ba naka ba ne. Shekarar da mutum ya gama karatu tana da tasiri wanda ba shi da iko a kai. Wani bincike kan masu digiri a Kanada, wanda aka wallafa a 2012, ya nuna waɗanda suka fito lokacin karayar tattalin arziki sun fara da albashi ƙasa da na takwarorinsu da kusan kashi 9 cikin 100, kuma sai da aka yi kusan shekara goma giɓin ya rufe. Abin lura a binciken shi ne yadda suka rufe shi: sun karɓi abin da ya samu, sannan suka riƙa matsawa zuwa ma'aikatu mafi kyau.

Albert Einstein ya gama karatunsa a Zurik a 1900, ya nemi aikin koyarwa a jami'o'i bai samu ba. Kusan shekara biyu yana ɗan koyarwa na wucin gadi nan da can. A 1902 mahaifin wani abokin karatunsa ya yi masa hanya ya samu ƙaramin muƙami a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern. Yana wannan aikin ne a 1905 ya fitar da takardun bincike huɗu da suka sauya kimiyyar fiziks, kuma bai bar ofishin ba sai 1909. Na kawo shi ne saboda abin da ya yi da lokacin jiran: bai daina aiki a kan fanninsa ba.

Abin da ke cutar da mai jira shi ne shekarun su wuce babu abin nunawa. Ka tsara ranarka kamar mai zuwa aiki, ka koyi abu guda har ka iya shi, ka koma amsar gogewa da ke sama. Idan kuma damuwa ta fara hana ka barci ko fita cikin mutane, ka faɗa wa wani, har likita idan ta kama. Rashin aiki na taɓa lafiyar zuciya, kuma ba abin kunya ba ne.

An ba ni aikin da bai kai darajar digirina ba. In karɓa?

A mafi yawan lokuta, karɓi. Mai aiki ya fi marar aiki saurin samun wani aikin. Amma ka shiga da ido biyu, domin haɗarin da ke ciki na gaske ne: mutum kan shiga "na ɗan lokaci" ya farka bayan shekara takwas. Ka auna aikin da tambaya uku. Zan koyi abin da wani wuri zai saya? Zan haɗu da mutanen da ke fannin da nake so? Zai bar mini lokaci da ƙarfin ci gaba da nema? Idan ko ɗaya ta samu "e", ya isa a fara. Ka sa wa kanka wa'adi, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ka rubuta shi inda za ka riƙa gani.

Ta yaya zan gane tallan aiki na 'yan damfara?

Duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a ba ka aiki, ko na fom, ko na horo, ko na biza, ka rabu da shi. Haka wanda ya ba ka aiki ba tare da ganawa ba, ko albashin da ya faɗa ya wuce hankali, ko yake gaggauta ka, ko ya nemi lambobin sirrin asusunka. Ka shiga shafin ma'aikatar da kanka ka duba ko gurbin na nan. Aikin ƙasar waje kuwa, kada ka miƙa fasfonka ga kowa ya riƙe.

In wuce digiri na biyu kai tsaye, ko in fara aiki?

Idan koyarwa a jami'a ko bincike kake so, ko fanninka ba a shiga sai da shi, wuce. Idan kuwa don ka rasa aiki ne kake son komawa aji, dakata ka yi tunani. Digiri na biyu ba ya maganin rashin gogewa. Kana iya fitowa da kwali biyu ka tarar da tambayar nan ta shekara biyu tana jiran ka. Wanda ya yi aiki na ɗan lokaci ya fi sanin abin da yake buƙatar karantawa, kuma ya fi cin moriyar ajin. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ake yi, a ƙasashe da yawa biyu.

Kada kuma a manta da takardun ƙwarewa. A harkar akanta akwai ACCA, takardar shaidar ƙwararrun akantoci, wadda kan yi nauyi sosai wajen masu ɗaukar aiki. A harkar zuba jari akwai CFA mai matakai uku. Ana iya yin su ana aiki.

Ina ake samun tallafin karatu a ƙasashen waje?

Sanannu sun haɗa da Chevening da Commonwealth na Birtaniya, Fulbright na Amurka wanda aka kafa a 1946, DAAD na Jamus, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, da shirin gidauniyar Mastercard da ya fara a 2012. Kowanne da sharuɗɗansa, kuma suna sauyawa, don haka a shafinsu za ka karanta. Chevening, alal misali, na neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin komawa gida na shekara biyu bayan gamawa. Ka fara shiri shekara guda kafin lokaci: takardar sakamako daga jami'a, wasiƙun malamai, jarrabawar harshe irin IELTS ko TOEFL idan ana buƙata. Wasiƙar da za ka bayyana dalilinka ita ce ke raba masu nema. Ka faɗi matsala guda da ka gani da idonka, abin da ka riga ka yi a kanta, da abin da karatun zai ƙara maka.

Sai da digirin digirgir ake yin abin a zo a gani?

Digirin digirgir horo ne na zama mai bincike, shekara uku zuwa huɗu a Birtaniya, biyar ko fiye a Amurka. Ga wanda ke da tambayar da ta hana shi sukuni, babu kamarsa. Wangari Maathai 'yar Kenya ta samu nata a Jami'ar Nairobi a 1971, mace ta farko da ta samu shi a gabashi da tsakiyar Afirka, ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, ta karɓi Nobel a 2004. Amma Tu Youyou ta ƙasar Sin digirin farko kawai ta yi a fannin magunguna, ta gama a 1955, kuma ita ta jagoranci gano artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da ya ceci miliyoyin rayuka. Idan don a kira ka dakta ne, shekarun sun yi tsada. Ka kuma sani cewa guraben koyarwa na dindindin a jami'o'i sun yi ƙasa sosai da yawan masu fitowa da wannan digiri.

Ni kasuwanci nake so. Ba ga su Bill Gates sun bar jami'a sun yi arziki ba?

Gates ya bar Harvard a 1975, Mark Zuckerberg a 2004. Amma ka lura, sun samu shiga ɗaya daga cikin jami'o'i mafi wuyar shiga a duniya, sun shekara da shekaru suna rubuta manhaja tun suna yara, kuma sun tafi ne da abin da ya riga ya fara tafiya. Dubban da suka bar karatu ba su kai ko'ina ba, babu mai ba da labarinsu. Wani bincike kan mutum miliyan 2.7 da suka kafa kamfanoni a Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda kamfanoninsu suka fi saurin bunƙasa 45 ne, kuma wanda ya taɓa aiki a fannin ya fi samun nasara.

Mo Ibrahim misali ne mai kyau. Ɗan Sudan ne, ya karanta injiniyan lantarki a Iskandariya ta Masar, ya yi digirin digirgir a Ingila, ya yi wa kamfanin sadarwa na Birtaniya aiki shekaru. Ya haura hamsin lokacin da ya kafa kamfanin wayar salula da ya zama Celtel a 1998, aka sayar da shi a 2005 kan dala biliyan 3.4. Muhammad Yunus malamin tattalin arziki ne a jami'a a Bangaladash lokacin da ya ranta wa mutum 42 dala 27 a 1976, abin da ya haifi bankin Grameen mai ba talakawa ƙananan rance. Idan kasuwanci ne a ranka, fara shi ƙarami tun yanzu, ka sami mai saye na farko kafin ka nemi jari, kuma kada ka raina aikin albashi a fannin. Makaranta ce da ake biyan ka.

Yaushe ya kamata in bar aikina in nemi wani?

Lokacin da ka daina koyon sabon abu kuma babu matakin gaba a inda kake. Wani sanannen bincike na 1992 kan matasan ma'aikata a Amurka ya nuna aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ƙaruwar albashinsu a shekara goma na farko daga canjin wurin aiki ya zo. Sai dai tsalle kowane wata shida na sa a daina yarda da kai. Kada ka ajiye na hannu sai takardar sabon ta zo a rubuce. Ka ba da sanarwa yadda yarjejeniya ta ce, ka miƙa aiki cikin tsari, ka fita lafiya, domin shugabanka na yau shi za a kira gobe a tambaya game da kai.

Ni mace ce. Yaya zan haɗa aiki da aure da renon yara ba tare da karatuna ya tafi a banza ba?

'Yar'uwa, damuwarki na da tushe. Claudia Goldin, wadda ta karɓi Nobel a fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki mace da namiji masu ilimi ɗaya kan fara aiki da albashi kusan ɗaya, kuma giɓin na buɗewa ne bayan haihuwar fari. Babban dalili shi ne ayyukan da suka fi biya su ne masu cinye lokaci ba dare ba rana, kuma nauyin gida ya fi faɗawa kan uwa.

Ki yi wannan magana da wanda za ki aura tun kafin a ɗaura, a fili, ba da hannunka-mai-sanda ba. Ki san haƙƙinki na hutun haihuwa a dokar inda kike aiki. Idan kin yanke shawarar tsayawa na wasu shekaru, wannan zaɓinki ne mai mutunci, amma kada ki saki igiyar gaba ɗaya: ki sabunta lasisinki, ki riƙa ɗan aiki ko kwas ta intanet, ki riƙe zumunci da abokan aiki kamar yadda aka yi bayani a amsar sanayya. Ga maza masu karantawa: ci gaban matarka ya rataya sosai a kan abin da kai ka ɗauka na hidimar gida.

Ƙirƙirarriyar basira za ta cinye ayyukan masu digiri?

Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi da yin rubutu kamar mutum, a Nuwamban 2022, ayyukan da aka saba ba sabon ma'aikaci, irin su taƙaita rahoto, rubutun farko, fassara da ƙananan manhajoji, na'ura na yin su cikin daƙiƙoƙi. Wannan ya sa matakin farko na tsani ya ƙara wuya. Amma na'urar na yin kuskure cikin cikakkiyar gadara, kuma sai wanda ya san fannin ke gane kuskuren. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: ka koyi aiki da ita sosai, ka kuma zurfafa a fanninka har ka zama mai duba aikinta. Ɗalibin da ya bar ta ta rubuta masa komai zai fito da kwali ba tare da wannan iyawar ba.

Ɗana ya gama jami'a yana zaune a gida. Me zan yi masa?

Baba, ko Mama, ku sani shi ma abin na cin sa fiye da yadda yake nunawa. Tambayar "har yanzu shiru?" kowace safiya da kwatanta shi da ɗan wane ba sa kawo aiki, sai dai su sa ya daina faɗa muku halin da yake ciki. Ku tambaye shi me yake nema, ku haɗa shi da mutanen da kuka sani a fannin, ku taimaka da kuɗin intanet ko na wani kwas idan da hali. Idan ya samu ƙaramin aiki, kada ku ce aikin bai kai darajarsa ba.

Abokan karatuna duk sun wuce ni. Yaya ake auna nasarar mai digiri?

Shekara biyar bayan gamawa lokaci ne da bai isa a yi hisabi ba. Kofi Annan ya shiga Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962 a matsayin ƙaramin jami'in kasafi. Sai a 1997, bayan shekara 35, ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ngozi Okonjo-Iweala ta gama digirin farko a 1976, ta yi shekara 25 a Bankin Duniya, ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta Najeriya sau biyu, sannan a 2021 ta zama mace ta farko kuma 'yar Afirka ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Katalin Karikó kuwa, 'yar Hungari da ta koma Amurka a 1985, rage mata matsayi aka yi a jami'ar da take aiki a 1995 saboda bincikenta kan mRNA, sinadarin da ke kai saƙon ƙwayoyin halitta a cikin jiki, ya kasa samun masu ɗaukar nauyi. Ta ci gaba da shi. A kan wannan binciken aka gina wasu daga cikin alluran rigakafin korona, aka ba ta Nobel a 2023 tare da Drew Weissman. Da an auna ta a 1996, da an ce ta gaza.

Kuma waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji sunansu. Malamar da ta shekara talatin tana koyar da yara karatu, injiniyan da gadar da ya gina ba ta taɓa tsagewa ba, ma'aikacin da aka ba amanar kuɗi ya mayar cif, duk sun ci moriyar karatunsu, jama'a ma sun ci. Abin da kake gani a shafukan sada zumunta ranar ƙarin girma ce da hoton ofis. Ba a sa wasiƙun ƙin ɗauka. Ka auna kanka da abin da ka iya bana wanda ba ka iya bara ba, da mutanen da za su iya tsaya maka shaida.

Jami'o'i kan wallafa sunayen fitattun tsofaffin ɗalibansu da alƙaluman samun aiki. Za a iya dogara da su wajen zaɓen makaranta?

Jerin fitattu na nuna inda mutum goma suka kai cikin dubbai, kuma wasunsu sun gama shekara arba'in da suka wuce, lokacin da makarantar ke wani hali daban. Alƙaluman samun aiki sun fi amfani, amma sai an yi musu tambayoyi. Mutum nawa ne cikin waɗanda suka gama suka amsa binciken? Waɗanda abin bai yi wa kyau ba sun fi yin shiru. Bayan wata nawa aka tambaye su? An ƙirga mai aikin wucin gadi da wanda ya koma karatu a cikin masu aiki? Aikin na buƙatar digiri? Ka nemi alƙaluman sashen da za ka shiga, domin a jami'a guda ana samun bambanci mai yawa tsakanin wannan kwas da wancan. Sannan ka nemo mutum uku ko huɗu da suka gama wannan sashen cikin shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su inda suke yanzu, wata nawa suka yi kafin su samu aikin farko, da ko makarantar ta haɗa su da wurin sanin makamar aiki ko su suka nema da kansu.